Allura Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar kishiyata. Mu nan ƙalau muke, sai godiyar Allah. Abbanku yana gaishe ki. Ƙafar tasa ta yi sauƙi har ya koma zuwa masallaci da kansa, ko da yake har yanzu muna kai ruwa rana da shi a kan gishiri. An yi ruwa sosai bana, katangar bayan gida ta ɗan zube, an gyara.

Ranar Lahadi da muka yi waya kuka ya ci ƙarfinki, ni kuma bakina ya mutu. Na ajiye wayar ban gaya miki ko ɗaya daga cikin abin da ke raina ba, na kwana ina juyi. Shi ya sa na ɗauko biro. Auta zai ɗauki hoton shafukan ya tura miki ta WhatsApp. Kada ki karanta a tsaye kina girki, ki bari sai yarinya ta yi barci.

Ga abin da na tsinta a cikin kukan naki, in na yi kuskure ki gyara min. Shekara biyu ke nan kina zaune a ɗaki. Digirin harhaɗa magunguna da kika sha wahalarsa ba ya ci a can sai kin sake zama jarrabawarsu, jarrabawar kuwa hawa-hawa ce, ga cin kuɗi ga cin lokaci. Matan da kuke haɗuwa a masallaci sun ga lallen da kika yi wa kanki da Sallah, sun roƙe ki ki riƙa yi musu suna biya, kin ce ke ba ki je Amurka don ki zama mai ƙunshi ba. Sannan, kuma wannan ne ya hana ni barci, wata ta haɗa ki da wani mutum da ya ce in kin ba shi kuɗi zai fito miki da lasisin cikin wata uku, ba jarrabawa ba komai, har kin fara tunanin sayar da gwal ɗin lefenki.

Ba wa'azi zan yi miki ba, kin sha wa'azina tun kina 'yar firamare. Labarin wata tsohuwa zan ba ki, wadda kabarinta ma bai fi tafiyar awa guda a mota daga inda kike ba.

Kin tuna lokacin da na zo miki wankan jego, bayan kin yi arba'in, maigidanki ya ɗebe mu a mota ya kai mu wani ɗan gari a jihar Oregon, Forest Grove? Ke kika zauna a mota kina ba da nono, ni na sauka na zagaya wani tsohon ginin katako, fari, a cikin jami'ar garin, Pacific University. Tun 1850 yake tsaye. A nan na fara jin sunan Tabitha Brown. Kin san halin tsohuwar malamar makaranta: ban saki maganar ba sai da na sa maigidanki ya bugo min duk abin da ya samu a kanta, har da doguwar wasiƙar da ta rubuta wa 'yan'uwanta a 1854. Takardun suna cikin jakar da nake ajiye takardun fansho. Daren Lahadin nan su na ɗauko.

An haife ta a 1780 a Massachusetts, can gabas, ɗaya bakin tekun. Mijinta limamin coci ne, ya mutu a 1817 ya bar ta da 'ya'ya, da koyarwa ta riƙe su har suka girma. Daga baya suka koma Missouri, a nan tsufa ya same ta. Ɗanta Orus ya tafi Oregon a 1843, ya ga ƙasar ta yi masa, ya dawo ɗaukar iyalinsa. A 1846 tsohuwar nan, da shekara 66 a duniya, ga ɗingishi a ƙafa ɗaya, ta ce atafau da ita za a tafi. Ta haɗa nata amalanken, ta ɗauki ɗan'uwan marigayi mijinta, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa mai shekara 77, suka shiga ayari tare da 'yarta da surukinta da jikoki. Shekara 66, Uwata. Ta girme ni da shekara huɗu, ni da sai an riƙe min hannu nake hawa matakalar jirgi.

Ke da kika je a zaune ana kawo miki shayi, bari in kwatanta miki hanyar. Daga bakin kogin Missouri zuwa kwarin Willamette a Oregon wajen mil 2,000 ne, sama da kilomita 3,000, kamar ki tashi daga Kano zuwa Legas sau uku. Ba a tashi sai Afrilu ko Mayu, lokacin da ciyawa ta fito, don shanu su sami abin ci a hanya. Kuma dole a ƙetare duwatsun ƙarshe kafin dusar ƙanƙara ta rufe su. In ka yi sammako shanu su mutu da yunwa, in ka makara ka mutu da sanyi. Amalanken ba wani babba ba ne, faɗinsa bai kai na gadonki ba. An yi masa rumfa da farin yadi mai kauri, an danƙare shi da garin alkama da kyafaffen nama da wake da gishiri da kayan noma da iri. Ba wurin zaman mutum, ko da akwai ma, girgizar ta isa ta karya ƙugun mai lafiya, don haka yawancinsu da ƙafa suke bin gefen shanu. Ranar da aka yi sa'a a ci mil 15. Wata biyar, wata shida, ana abu ɗaya.

Ina karantawa ina tuna labarin fataken Gwanja da kakanmu yake ba mu: akwai madugu, akwai jagaba, akwai zango, akwai masu gadin dare. Sai dai shi falke yana komowa da goronsa. Waɗannan sun sayar da gida da gona, wadda ta yi sallama da uwarta ta san ta yi ke nan.

Maza su ke kora shanu, su ke ƙetarar da amalanke a kogi, su ke da suna a labari. Amma ki dubi ranar mace. Ta tashi tun duhu ta hura wuta. A filayen kogin Platte babu itace, sai busasshen kashin ɓauna, ita da yara suke tsinta suna tarawa a gaban riga, kamar yadda ake yi da kashin shanu a ƙauyenmu. Ta tatsi saniya, ta rataye bokitin madarar a jikin amalanke, kafin yamma girgizar hanya ta fitar mata da man shanu. Wannan dabarar ta burge ni. Ta yini tana tafiya cikin ƙura da goyo. An yada zango maza sun miƙe ƙafa, ita sai lokacin aikinta ya soma: girki, gasa burodin gobe, facin tufafi, jinyar marar lafiya. Wanki sai ranar da aka kwana biyu kusa da ruwa. Idan shanu suka gaji aka ce a rage kaya, kayanta ne ake fara jefarwa, murhun ƙarfe, akwatin da uwarta ta ba ta, kujerar aure. Waɗanda suka biyo baya sun riƙa ganinsu zube a gefen hanya.

Akwai wata, Amelia Knight, da ta yi tafiyar a 1853 da 'ya'ya bakwai da cikin na takwas. Kusan kullum sai ta rubuta abin da ya faru: ƙura, sauro, iska, bijimin da ya faɗi ya mutu. Cikin nan kuwa ko sau ɗaya ba ta ambace shi ba, sai a shafin ƙarshe da ta ce ta haihu. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe ba mu kaɗai muka san alkunya ba. Rana ɗaya ma suka tashi suka bar 'yarsu Lucy a bakin kogi, kowa yana zaton tana amalanken wani, sai ayarin baya ne ya kawo musu ita. A shekarun 1849 zuwa 1852 kuma amai da gudawa ya yi musu ɓarna: mutum ya karya kumallo lafiya, kafin dare an rufe shi. Wani lokaci a tsakiyar hanya ake haƙa kabarin, a bi ta kansa da amalanke har ya baje, don kada kyarkeci ya tone. Uwa ta wuce ta bar ɗanta a wurin da ko ita ba za ta sake ganewa ba.

Su Tabitha dai tafiyarsu lafiya lau har suka kai wajen Fort Hall, wani zangon masu cinikin fata a ƙasar da yanzu ake kira Idaho. Ita da kanta ta ce har nan jin daɗin tafiyar take yi. A nan wani ya tare su daga Oregon ya ce an samo sabuwar hanya ta kudu, ta fi sauƙi, za su riga masu bin tsohuwar hanya isa. Ɗanta Orus, da yake ya taɓa zuwa, ya bi hanyar da ya sani. Ita da 'yarta da surukinta da tsohon nan suka bi sabuwa.

Ki natsu a nan, don saboda nan na ɗauko biro.

Hanyar nan, wadda yanzu ake kira da sunan Applegate, amalanke bai taɓa bin ta ba. Su ne 'yan gwaji. Ta gangara da su kudu cikin ƙasar Nevada ta yau, ta ratsa da su hamadar Black Rock, tafiya mai tsawo ba ciyawa ba ruwa, shanu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani wurin sai sun sare itatuwa sun fasa hanya da hannunsu. Kafin su kai duwatsun Umpqua sanyi ya shigo, ruwan sama ya tsuge. Akwai wani kwazazzabo a nan da sai ta cikin rafi ake bi, ya cika da mushen shanu da karyayyun amalanke da kayan mutane. Kwana uku ta yi a kan doki kafin ta fita daga cikinsa, kuma ta fito ba ta da komai sai dokin da take kai. Shi Orus da ya bi doguwar hanya tuni ya isa gida da makonni masu yawa. A shekarar nan dai wani ayarin, na su Donner, ya bi wata gajeriyar hanyar zuwa Kalifoniya, ƙanƙara ta rufe su a kan duwatsu, kusan rabinsu ba su fita da rai ba.

Ita Tabitha ba ta yafe wa mutumin da ya yaudare su ba, ɗan damfara ta ɗauke shi har a wasiƙarta. Ni kuwa da na ƙara karantawa sai na ga abin ya fi haka ban tsoro. 'Yan gidan Applegate da suka fasa hanyar, 'ya'yansu biyu ne suka nutse a kogin Columbia a 1843, a kan tsohuwar hanya. Neman hanyar da za ta kauce wa kogin nan suke yi. Wato mai nuna maka gajeriyar hanya ba lalle ne macuci ba. Yana iya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa. Sai dai shi a kan doki ya bi ta, ba kaya ba yara, kai kuma da amalanke za ka bi.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Kina aji uku na sakandare wani kamfani ya zo garin nan, ka zuba dubu goma bayan wata a ba ka sha biyar. Wadda ta kai ni abokiyar aikina ce, mace mai salla, mai amana, ta nuna min takardar ribar da ta karɓa sau biyu. Na kwashi adashena na shekara guda na zuba, ban shawarci Abbanku ba. Ranar da na je karɓa na tarar da kwaɗo a ƙofar ofishin, mata sun fi ɗari a tsaye cikin rana, wata tsohuwa tana dukan ƙofar ƙarfen da takalminta. Abokiyar tawa tana cikinsu, ita har filinta ta sayar. Na dawo gida na ce wa Abbanku zazzaɓi nake yi. Sai bayan wata biyu na iya buɗe baki. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malama, hanyar lafiya a bi ta da shekara." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Don haka ba na zargin matar da ta haɗa ki da mutumin nan, wataƙila alheri take nufi. Amma lasisin da ba a zauna jarrabawarsa ba takardar bogi ce, ko wa ya buga mata hatimi. Ranar da asiri ya tonu shi mutumin ya canja lambar waya, ke ce za ki tsaya gaban hukuma, da sunanki da na maigidanki da zamanku a ƙasar gaba ɗaya. Kuma magani za ki riƙa miƙa wa mutane, rai ne a hannunki. Ban yarda ba, Uwata. Ban cika hana ku abu kai tsaye ba, wannan kam na hana.

Mu koma ga tsohuwa, don ban kai inda nake so ba.

Da abinci ya ƙare, 'yarta ta matsa mata ta yi gaba ita da tsohon nan, ko sa cimma wasu amalanke da ke gabansu. Aka yanka musu 'yan guntayen nama, suka hau dawaki. A hanya jiri ya ɗebi tsohon ya faɗo. Ita kuma tana tsoron sauka, don da ƙafarta in ta sauka ba mai ɗora ta. Da kyar ya lallaba ya tashi. Dare ya same su a daji su biyu, ba wuta ba abinci. Ta sauka, ta kwance sirdi, ta rataya yadin rumfar amalanke a reshen itace ya zama 'yar bukka, ta shigar da tsohon ta lulluɓe shi da barguna, ta zauna a bayansa ta naɗe ƙafa, tana jin kukan kyarkeci, tana sa ran kafin gari ya waye gawa za ta gani. Gari ya waye yana numfashi. Ashe amalanken da suke nema suna nan kusa da su. Daga baya Orus ya ji labarin halin da suke ciki, ya ɗoro abinci a kan dawaki ya tarye su.

Ranar Kirsimeti ta 1846 ta isa Salem, wani gari a kwarin Willamette. Wata tara rabonta da shiga ɗaki. Wani limamin coci ya sauke ta a gidansa, tana kula masa da gida da yara a bakin ci da kwana. Matar da ta shekara da shekaru tana da makarantarta, ga ta tana aikatau a gidan wani tana da shekara 66.

To, makonni kafin su isa tana jin wani abu a ƙarshen yatsan safar hannunta, ta ɗauka maɓalli ne ya faɗa, ba ta kula ba. Da ta zauna ta zazzage, sai ga ɗan ƙaramin kuɗin ƙarfe, santi shida da kwata. Shi ne duk abin da ta mallaka a duniya. Ki yi tunanin abin da yawancinmu za mu yi da shi: a sayi ɗan sukari a sha shayi mai daɗi sau ɗaya, a ce ai an sha wuya. Ita allura uku ta saya. Ta kwashi tsofaffin tufafinta ta kai wa matan 'yan asalin ƙasar, suka musanya mata da jemammiyar fatar barewa. Ta zauna tana yanka tana ɗinka safar hannu, tana sayar wa maza da mata, don ƙasa ce ta sanyi da sarar itace, kowa yana bukata. Kafin sanyi ya wuce ta tara sama da dala 30.

Ba ta ce ni matar limami ce ba, ba ta ce ni malama ce, ina ni ina dukanci. Kuma ba ta fasa zama malamar ba. Allurar ta riƙe ta ne har ƙofar da take jira ta buɗe. A 1847 ta je wurin ɗanta a inda yanzu ake kira Forest Grove, ta haɗu da wani limami, Harvey Clark, ta gaya masa da tana da dukiya da ta tara marayun da hanya ta bari ta zame musu uwa. Ya ce ba sai da dukiya ba, a gwada. A 1848 suka buɗe a wani ɗakin gungume. Mai hali ya biya dala ɗaya a mako, marar hali ya zauna kyauta, ita kuma shekarar farko ko kwabo ba ta karɓa ba. Da labarin zinariyar Kalifoniya ya iso maza suka watse neman arziki, yaran da aka bar mata suka ƙaru. Makarantar ta zama Tualatin Academy a 1849, daga cikinta kuma jami'ar nan ta fito a 1854. Lokacin da take rubuta wasiƙar tata tana da gidan kanta da ta ba da haya, da filaye, da shanu. Ta mutu a 1858 a Salem. A 1987 majalisar jihar ta ba ta laƙabin Uwar Oregon.

Ke kin manta, ko kuwa ba ki taɓa sani ba. Shekarar da aka riƙe mana albashi wata da watanni, me kike zaton muka ci? Hula nake ɗinka. In kun yi barci in jawo fitilar ƙwai in zauna a bakin gado, in bi zanen da allura har idona ya fara raba ɗaya biyu. Kan ɗan yatsana na tsakiya har yau da kanta. Wani yaro yake kai min kasuwa, don ni ma a lokacin kunya nake ji a ce mataimakiyar shugabar makaranta tana ɗinkin hula. Kuɗin fom ɗinki na shiga jami'a daga hula biyu ya fito, wata shuɗiya wata ruwan ƙasa. Digirin da kike cewa ya fi ƙarfin ƙunshi, allura ce ta biya masa kuɗin shiga.

Kada ki ce na mai da Baturiyar nan waliyyiya. Akwai abin da ya tsaya min a rai a labarin. Ƙasar da suka sha wannan wuya suka je, ba kango ba ce, tana da masu ita. Kwarin nan na mutanen Kalapuya ne, cututtukan da baƙi suka kawo sun riga sun cinye yawancinsu. Matan da suka ba ta fatar da ta tashi da ita, ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu, kuma kafin shekara goma, a 1856, aka tattara mutanensu aka kai su wani keɓaɓɓen wuri, Grand Ronde. Dokar rabon ƙasa ta 1850 ta ba mata da miji eka 640, rabi da sunan matar ita kanta, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Amma baƙar fata irinmu ba ya ciki, har dokoki suka yi na hana shi zama a Oregon ɗin gaba ɗaya. Da ni da ke muka isa Salem a ranar nan, wataƙila ko ƙofar ba a buɗe mana ba. Na faɗa miki ne don ki san ƙasar da kike takawa. Amma wannan bai hana ni ɗaukar abin da zan ɗauka daga tsohuwar ba. Ilimi kayan mumini ne da ya ɓace, duk inda ya gan shi ya ɗauka.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Ki fara zama da maigidanki ki gaya masa maganar mutumin nan, dukanta, tun kafin ya ji a waje. Na san ba ki gaya masa ba, daga muryarki na gane. Sannan ku bincika abin da takardar zamanki ta halatta miki na sana'a, da ko ƙunshin ma yana bukatar wani izini a can, don na ga ƙasar taku ko rumfa za ka kafa sai da takarda. In hanya a buɗe take, ki kira matan nan ki ce kin amsa. Hannunki yana da kyau, na kakarki kika gado, wadda kika ci sunanta. Amare har daga wasu unguwanni ake kawo mata. Ki yanka farashi tun farko, kada ki ce "ku ba da ko nawa ne", wannan kunyar ita ke kashe sana'ar matanmu. Abin da ya shigo ki raba, kashi ɗaya na kuɗin jarrabawa ne, ko wuta ta kama kada ki taɓa shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ko da mai ba ka ɗin mijinka ne mai kirki.

Littattafan kuma ki sauko da su daga saman kabad, na gan su can lokacin da na zo, har da ledarsu. Awa biyu bayan sallar asuba kafin yarinya ta farka. In shekara biyu abin zai ci, ya ci. Shekara biyun da kika yi kina kuka ma ai sun wuce.

Kuma ki daina zama ke kaɗai. Maƙwabciyarki tsohuwar nan da ta kawo miki miya lokacin jego, kin taɓa kai mata ko ɗan dambun nama? Ki kai. Ba a san ta hannun wa fatar barewa za ta zo ba.

Akwai mai tahowa wajenku ƙarshen wata, zan ba shi saƙo: lalle mai kyau da na sa aka daka aka tankaɗe sau biyu, da kuka, da kuɓewa busasshiya, da yajin Abbanku da kike so. Daddawa ban sa ba, kada a tsare bawan Allah a filin jirgi saboda ni. Akwai 'yar riga ta kishiyata, in ta yi mata kaɗan ki ba wata.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da ɗawainiya. Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriya, ya tsare ku daga sharrin mai sharri.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu, ki sa sarƙar nan da 'yan kunnenta da awarwaron duka huɗun, ki ɗauki hoto ki turo wa Auta. Ina so in gan su a jikinki.

Wassalam,
Ummanki